Ƙunar baƙin wake: inda malamai suka saɓa da inda ba su taɓa saɓawa ba

Tun bayan abin da ya faru a Gwoza ranar 29 ga Yunin 2024, da wasu mata suka tayar da bam a wajen biki da asibiti da kuma wajen jana'iza, maganganu biyu ke ta yawo a WhatsApp da majalisu, duk sanda aka sake kai hari sai su dawo sabbi fil. Ta farko wai ai malamai sun yi saɓani a kan ƙunar baƙin wake don haka ba a cewa haramun ne kai tsaye. Ta biyu wai duk wanda bam ya tashi a jikinsa ya kafirta zai dawwama a wuta, ko da yarinya ce 'yar shekara goma da aka ɗaura mata. Wallahi duka biyun ba haka suke a littafi ba.

Asalin hukuncin dai a fili yake. Allah ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 29 kada ku kashe kanku. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin mutumin nan da ya yi yaƙi a cikin rundunar Manzon Allah (SAW), ya nuna jarumta har sahabbai na yabonsa, da rauni ya tsananta masa sai ya kafa takobinsa a ƙasa ya ɗora ƙirjinsa a kan tsinin ya danne, Annabi ya ce ɗan wuta ne. A filin daga fa wannan, kuma a ɓangaren gaskiya yake yaƙin.

To ina saɓanin ya fito? Sabon abu ne, ya yi ƙarfi ne bayan harin Beirut na 1983 da ya kashe sojojin Amurka 241 da na Faransa 58, sannan da hare-haren Falasɗinawa a shekarun 1990. Waɗanda suka halatta, irin su Sheikh Yusuf Ƙardawi, a kan Falasɗinu suka yi magana, mutanen da aka mamaye ƙasarsu ba su da jirgi ba su da tanka, kuma shi kansa daga baya ya ce larurar ta kau tunda sun samu wasu makaman. Hujjarsu ita ce ƙiyasi, wato kwatanta hukuncin abin, da sahabin da ke kutsawa cikin abokan gaba shi kaɗai, kamar Bara'u ɗan Malik da ya sa aka jefa shi ta kan katangar lambun Musailama, maƙaryacin nan da ya yi da'awar annabci, ranar yaƙin Yamama don ya buɗe ƙofa, da kuma labarin yaron nan na As'habul Ukhdud da ya nuna wa sarki yadda zai kashe shi.

Su Sheikh Bin Baz da Ibnu Usaimin suka ce sam wannan ƙiyasi bai hau ba, kuma ni a nan hankalina ya fi kwanciya. Mai kutsawa hannun maƙiyi ne ke kashe shi in ma an kashe shi, don Bara'u ai bai mutu ranar ba, ya fito da raunuka sama da tamanin ya yi jinya ya warke. Yaron Ukhdud kuma sarki ne ya harba kibiyar, ba shi ba. Shi ko mai rigar bam shi ne zai danna da yatsansa, kuma babu ko kokwanto cewa shi ne farkon wanda zai mutu.

Ko ka ɗauki fatawar masu halattawa da duk faɗinta, wadda ita ma an yi mata raddi sosai saboda fararen hular da ke mutuwa, ba ta kai Babban Masallacin Kano ba, inda aka kashe sama da mutum ɗari ranar Juma'a 28 ga Nuwamban 2014. Ba ta kai kasuwa ba, ba ta kai tashar mota ba, ba ta kai sansanin 'yan gudun hijira ba. Annabi ya hana kashe mata da yara ko a yaƙi da kafirai, wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandansa tana nan a Muwaɗɗa, kar a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf. Wanda zai ce maka "ai akwai saɓani" don ya wanke kashe masallata a sahu, ka tambaye shi malami ɗaya da al'umma ta yarda da iliminsa da ya faɗi haka.

Sai maganar azaba, wadda ita ce ta fi rikita mutane. Hadisin Abu Huraira ya ce wanda ya kashe kansa da ƙarfe, ƙarfen na hannunsa yana caka wa cikinsa a Jahannama yana mai dawwama, shi ya sa wasu ke yanke cewa kafiri ne. Malaman Sunna ba su fahimce shi haka ba, sun ce dawwamar tana kan wanda ya halatta abin alhali ya san haramun ne, ko kuma ana nufin daɗewa mai tsawo. Dalilinsu yana cikin Muslim, mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufail ɗan Amru ya yi rashin lafiya a Madina ya kasa haƙuri ya yanke gaɓɓan yatsunsa jini ya zuba har ya mutu, amma Annabi ya roƙa masa gafara har ya ce ya Allah hannayensa ma ka gafarta musu. Babban zunubi ne, ba ridda ba, shi ya sa jama'a ke yi wa mai kashe kansa sallah ko da liman babba ya ƙaurace don tsoratarwa. Ibnu Usaimin ma da ya tsananta ya ce wanda ya aikata bisa tawili yana zaton ya halatta ana fatan ya kuɓuta daga zunubin kashe kai, amma shahada kam babu. Sai dai wannan a kan ransa ne kawai, jinin bayin Allah da ya kwasa lissafi ne daban.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake tsine wa ƙananan yaran nan. Kun tuna yarinyar nan 'yar shekara 13 a Kano, Disamban 2014, lokacin harin Kantin Kwari, da ta ƙi tayar da nata, ta ce mahaifinta ne da kansa ya miƙa ta? An ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga. Baligi kam tilas ba uzuri ba ne gare shi wajen kashe wani, a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya tilasta da wanda aka tilasta duk ƙisasi ya hau kansu. Amma in ƙaramin yaro ne, Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ambaci uba ko malamin da ya umarci yaro ya yi kisa, ya ce shi mai umarnin ne ake kashewa.