Waiwaye: Kasetocin Janairun 1969 da Rigimar da Suka Bar wa The Beatles

Ranar 2 ga Janairun 1969, ana tsakiyar hunturu, John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr, 'yan ƙungiyar mawaƙan Birtaniya The Beatles, suka hallara a wani makeken zauren shirya fina-finai da ke Twickenham, yamma da Landan. Niyyarsu su koma kiɗa irin na farkon tashinsu: kowa ya riƙe kayan kiɗansa, a ɗauka kai tsaye ba tare da ɗora wani sauti a kan wani ba, sannan a rufe da wasa a gaban jama'a, abin da rabonsu da shi tun 1966. Daraktan fim Michael Lindsay-Hogg ya kafa kyamarorinsa, ya bar rikodoji samfurin Nagra suna juyawa kusan wuni zubur. Kafin wata ya ƙare an tara hoto na kusan sa'o'i 60 da sauti na wajen sa'o'i 150.

Zauren ga sanyi ga faɗi, mutanen da suka saba aikin dare kuma aka ce su fito da safe. Ranar 10 ga wata Harrison ya ajiye jitarsa ya kama hanyar gida. Bai dawo ba sai da aka yarda da sharuɗɗansa: a bar Twickenham, a kuma jingine maganar babban wasan. Sai aka koma ɗakin ƙasa na ofishin kamfaninsu Apple, gida mai lamba 3 a titin Savile Row. Can ma aka tarar na'urorin ɗaukar sauti da Alexis Mardas, mai kula da kayan lantarki na Apple, ya harhaɗa musu ba su da amfani, dole aka aro na kamfanin EMI. Abin da ya gyara zaman shi ne zuwan Billy Preston, Ba'amurken nan mai kaɗa fiyano da suka sani tun zamansu a Hamburg. Idan baƙo ya yi sallama, masu faɗa kan sassauta murya. Ranar 30 ga wata suka hau rufin benen suka yi kiɗa na mintuna 42, har 'yan sanda suka hauro saboda ƙorafin maƙwabta. Washegari suka ƙarasa waƙoƙi masu sanyi a ɗakin ƙasa, aka kashe rikoda.

Daga nan ne ainihin rigimar ta soma, domin babu wanda yake son zama ya saurari tulin nan. Aka danƙa wa injiniya Glyn Johns. Ya haɗa faifai mai suna Get Back, ya bar kurakurai da surutun tsakanin waƙoƙi yadda suke, kamar yadda aka yi alkawari tun farko. Ba su amince ba. Ya sake haɗa wani a farkon 1970, shi ma aka ture. A tsakanin nan har sun ɗauki faifan Abbey Road sun fitar da shi a Satumban 1969. Shi kuwa aikin Johns ya sulale ya fita waje, masu satar fasaha suka buga shi da sunan Kum Back.

A Maris ɗin 1970 aka miƙa kasetocin ga furodusan waƙoƙi Phil Spector. Ranar 1 ga Afrilu ya tara masu goge da 'yan amshi ya lulluɓe waƙar The Long and Winding Road da su, ba tare da an tuntuɓi McCartney mai waƙar ba kafin a yi. Ran McCartney ya ɓaci ƙwarai, ya rubuta wa manaja Allen Klein takarda a cire, ba a cire ba, har ya kawo maganar cikin hujjojinsa a ƙarar da ya shigar ta raba ƙungiyar. Lennon kuwa ya yaba wa Spector. Ni dai a kunnena McCartney ya fi gaskiya, tunda an ce za a fito ba kwalliya, sai ga faifan Let It Be ya fito ranar 8 ga Mayun 1970 da ado har ƙasa.

Fim ɗin Lindsay-Hogg, shi ma mai suna Let It Be, ya biyo baya a watan, tsawonsa kamar mintuna 80, lokacin duniya ta riga ta ji cewa ƙungiyar ta watse. Da wannan idon aka kalle shi. Wurin da Harrison yake gaya wa McCartney cikin gajiya cewa zai kaɗa duk abin da yake so, ko ma ya bari gaba ɗaya, shi ya zama fuskar watan. Shekaru hamsin ana cewa Janairun baƙin ciki ne, har su kansu suka riƙa faɗin haka.

Ragowar kuma ta yi nata yawon. An sace kasetocin Nagra, suka daɗe suna ciyar da kasuwar bayan fage, sai a Janairun 2003 'yan sanda suka ƙwato kusan 500 a Holan. A cikinsu ake jin Harrison yana gwada All Things Must Pass, 'yan uwansa ba su ba ta muhimmanci ba, ita ce ta zama sunan faifansa na 1970. A Nuwamban 2003 McCartney ya samu biyan buƙata da Let It Be... Naked, wanda aka cire wa adon Spector. Haɗin Glyn Johns na 1969 kuwa bai fito a hukumance ba sai Oktoban 2021.

Wata guda bayan haka darakta Peter Jackson ya fitar da shirin Get Back, wanda ya haɗa daga hotunan watan, a dandalin kallo na Disney+, kashi uku, kusan sa'o'i takwas. Ma'aikatansa sun ƙirƙiro wata manhajar kwamfuta mai iya zare muryar mutum daga cikin ƙarar jita, suka raɗa mata MAL don tunawa da Mal Evans, hadimin ƙungiyar. Abin ya yi amfani, domin mutanen nan sukan daddage su bugi jita da gangan don kada makirufo ya ɗauki hirarsu. Yanzu ga shi an ji. An ga McCartney zaune da jitarsa ranar 7 ga wata yana ta lalube, Harrison na hamma, Ringo na kallo, har waƙar Get Back ta fito daga bakinsa a gaban kyamara. An ga dariya da shayi da raha mai yawa.

Akwai wurin da nake kallo da nauyin zuciya. Bayan tafiyar Harrison, Lennon da McCartney sun keɓe a ɗakin cin abinci don su yi maganar da ba ta kowa ba, ashe an ɓoye makirufo a cikin tukunyar fure. A nan aka ji su suna amsa cewa sun daɗe suna danne ɗan uwansu. Hirar ta fi komai bayyana abin da ya faru, amma ba su san ana ɗauka ba, kuma Lennon bai rayu ba balle a nemi izininsa.

Kada kuma a ɗauka Jackson ya kawo labarin gaba ɗaya. Shi ma zaɓe ya yi, kuma McCartney da Starr da matan Lennon da Harrison suna cikin masu ɗaukar nauyin aikin. A Mayun 2024 aka sake sakin tsohon fim ɗin Lindsay-Hogg bayan an wanke hotonsa, yanzu mai so zai iya jera su biyu ya kwatanta. Kusan sa'o'i 50 na hoton watan har yau suna ajiye a rumbun Apple.