Cocin Great Witley

Cocin Saint Michael and All Angels shi ne cocin Ikklisiyar ƙauyen Great Witley da ke gundumar Worcestershire a Ingila, kimanin kilomita 16 arewa maso yamma da birnin Worcester. Yana manne da kangon gidan Witley Court. An san shi da adon ciki na salon Barok, wato salon Turai mai yawan ƙawa da ruwan zinare, wanda ba kasafai ake ganin irinsa a cocin ƙauye a Ingila ba, kuma galibin adon nan ba don shi aka yi shi tun farko ba: daga wani gida aka sayo shi a gwanjo. Yana cikin rukuni na ɗaya na gine-ginen da dokar ƙasar ta kare.

Tarihi

Kafin wannan ginin akwai tsohon coci kusa da wurin, wanda ake kyautata zaton na ƙarni na 13 ne, ya kuma lalace ƙwarai a farkon ƙarni na 18. Zuriyar Foley, waɗanda suka yi arziki da sana'ar ƙarfe, sun mallaki Witley tun 1655. Thomas Foley, Lord Foley na farko, shi ya ƙudiri sake ginin, amma ya rasu a 1733 aikin bai kammala ba. Matarsa Mary ce ta ɗauki nauyin ƙarasawa, aka keɓe cocin a 1735. Ana yawan danganta zanen ginin ga mai zanen gine-gine James Gibbs. Masana ba su haɗu a kan haka ba.

A lokacin ginin jan bulo ne, cikinsa ba ado, silin ɗinsa shimfiɗaɗɗe. Abin da ya sauya shi ya faru ne a 1747. James Brydges, Duke na Chandos, ya gina ƙasaitaccen gida mai suna Cannons kusa da Edgware, a wajen Landan. Bayan rasuwarsa a 1744 bashi ya yi wa magada katutu, aka yi gwanjon kayan gidan, aka rushe shi. Lord Foley na biyu ya sayi tagogin ɗakin ibadar gidan da zane-zanen silin da akwatin ogan (babban kayan kiɗan coci), aka kwaso su zuwa Witley.

A 1837 gidan Witley Court ya koma hannun William Ward, wanda daga baya ya zama Earl na Dudley. A wajajen shekarun 1850 ne mai zanen gine-gine Samuel Daukes ya lulluɓe jan bulon da farin dutsen Bath domin cocin ya dace da gidan. Gobarar watan Satumba na 1937 ta ci wani ɓangare na Witley Court, aka bar sauran ya zama kango. Wutar ba ta kai ga cocin ba, sai dai ya yi shekaru ba kulawa har mutanen Ikklisiyar suka fara gyara a 1965.

Tsarin ginin

Daga waje ba wani abin ɗaukar ido sosai. Zaure ne guda mai kusurwa huɗu, ba ginshiƙai a ciki, da gajerun fikafikai biyu ta gabas. Hasumiyar tana yamma, da ƙaramar ƙubba mai ruwan zinare a samanta.

Silin da bango

Manyan zane uku na Antonio Bellucci, ɗan Italiya, su ne a tsakiyar silin: hawan Yesu sama a tsakiya, haihuwarsa da saukar da shi daga gicciye a gefe biyu. Ƙananan zane 20 na mala'iku suna kewaye da su. Duk a kan yadi aka zana su da fentin mai, shi ya sa aka iya ciro su daga Cannons.

Adon filasta na Cannons kuwa bai ciru ba, domin da an ɓamɓare shi zai farfashe. Dabarar da aka yi ita ce aka ɗauki surarsa a mazubi, sannan aka sake zuba shi da takardar da aka jiƙa, aka dandaƙa, aka kwaɓa da gam. Idan ta bushe sai ta yi tauri, a shafa mata fari da ruwan zinare. Amfaninta rashin nauyi: an rataya sabon silin mai lanƙwasa a ƙarƙashin tsohon ba tare da an ɗora wa katako da bango kayan da ya fi ƙarfinsu ba. Aibinta kuma danshi. Da zarar rufi ya fara yoyo, takardar kan yi laushi ta kumbura, ƙusoshin da ke riƙe da ita su yi tsatsa, zinaren ya ɓare. Saboda haka duk gyaran irin wannan ado daga rufi da indararo ake fara shi.

Tagogi

Tagogi 10 ne, aikin Joshua Price na 1719 da 1721, bisa zanen da ake dangantawa ga Francesco Sleter. Tara suna nuna labaran Sabon Alkawari, ɗaya kuma bautar ɗan maraƙin zinariya. Ba a yi su da gutsattsarin gilashi masu launi da ake haɗawa da dalma ba, kamar na tsofaffin coci-coci. An shafa launin ne a kan farin gilashi mai kusurwa huɗu, aka gasa a wuta har ya kama. Wannan yana ba mai zane damar yin inuwa da fuska kamar a kan yadi, amma launin da gilashin ba sa miƙewa daidai idan zafi da sanyi suka sauya, don haka yakan ɓanɓare da tsufa.

Sauran kayan ciki

A fiffiken kudu akwai abin tunawa da Lord Foley na farko da iyalinsa, sassaƙar Michael Rysbrack a dutsen mabul, ɗaya daga cikin mafiya tsawo irinsa a Ingila. Akwatin ogan na Cannons ne, amma kamfanin Nicholson na Worcester ya sake cikinsa wajen 1860. Ana cewa shahararren mai tsara kiɗa Handel ya kaɗa ogan ɗin a Cannons. Maganar tana da gardama. Kwanon baftisma aikin James Forsyth ne, na zamanin Earl na Dudley.

Yau

Ana ci gaba da ibada a cikinsa. Kangon gidan yana hannun English Heritage, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, cocin kuwa Ikklisiyar ce ke kula da shi.