Gilashin mota ya ƙi tashi: ba kullum ne injin gilashin ya ƙone ba

An daɗe ana cewa da zarar gilashin mota ya ƙi tashi, ɗan injin lantarkin da ke cikin ƙofa ne ya ƙone. Yakan faru, amma sau da yawa lafiyarsa lau. A yawancin motoci igiyar ƙarfe yake ja, ita kuma ta ɗaga gilashin.

Danna maɓallin ka kasa kunne. In ka ji ƙugi amma gilashi bai motsa ba, igiyar ce ta tsinke ko maƙalar roba ta karye. In gilasan duka sun yi shiru, duba fis, wato ɗan abin da ke katse wutar lantarki in ta yi yawa. In yana tashi da ƙyar, sau da yawa ƙura ce ta cushe robar gefe, musamman da hunturu. A goge ta kawai.

Don Allah a tura wa masu mota.