Tarin Fukan Shanu a Jikin Zakuna

Tarin fukan shanu cuta ce da ƙwayar Mycobacterium bovis ke haddasawa, kuma duk da cewa shanu ne gidanta na asali, tana kama mutane da namun daji iri-iri, har da zakuna. Inda aka fi sanin ta a jikin zaki shi ne gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu. Masana na kyautata zaton cewa cutar ta shiga gandun ne tsakanin shekarun 1950 da 1960, lokacin da ɓakane suke cuɗanya da shanun manoma a iyakar kudu, kusa da kogin Crocodile. Ba a gano ta a jikin ɓauna ba sai a 1990, sannan a 1995 aka tabbatar da ita a jikin zakuna. Daga nan ta bi garken ɓakane zuwa arewa, har ta tsallaka gandun Gonarezhou na Zimbabuwe.

Abincin zaki ne yake jawo masa cutar. Ɓaunar da ciwo ya ci ƙarfinta ita ce ke zama a bayan garke, ita ce kuma mafi sauƙin kamu, don haka zakuna suna cin huhu da kayan cikin da ƙwayoyin suka cika. Bayan haka suna ɗaukar ta a tsakaninsu ta hanyar numfashi da cizo a wurin faɗa, tunda a cikin dangin kyanwa zaki ne mai zaman tare. Cutar ba ta gaggawa. Zaki na iya ɗaukar shekaru da ita ba a gane ba, sai daga baya ya rame, gashinsa ya dushe, gwiwoyin ƙafafunsa na gaba su kumbura, ya fara ɗingishi, raunukansa su ƙi warkewa, wani lokaci ma idonsa ya yi hazo. Namijin da ya kai wannan hali ba ya iya kare yankinsa, kuma idan wasu maza suka ƙwace ayarin zakunan da yake jagoranta, sukan kashe 'ya'yan da suka tarar.

A gidajen ajiye namun daji da gonakin kiwon zakuna, waɗanda suke da yawa a Afirka ta Kudu, haɗarin yana zuwa ne daga ɗanyen nama da mushen shanun da ba a duba lafiyarsu ba, ga cunkoso a keji, ga kuma ma'aikatan da su ma suke iya kamuwa.

Gano cutar aiki ne mai wahala. Gwajin fata yana bukatar a yi wa zaki allurar barci sau biyu, kwana uku tsakani, abin da ba ya da sauƙi a daji, shi ya sa masu bincike a jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu suka dukufa kan gwajin jini. Ba a yi wa zakunan daji magani, kuma babu rigakafin da aka amince da shi dominsu.

Batun illarta ga ɗorewar jinsin yana da saɓani. A ƙarshen shekarun 1990 an ji tsoron cewa zakunan Kruger za su ƙare, amma ƙidayar da aka yi daga baya ba ta nuna raguwar da za a ɗora wa cutar ba, mai yiwuwa saboda yawan abinci da yawan haihuwa suna cike gurbin waɗanda suka mutu. Damuwar ta fi ƙarfi a ƙananan gandaye irin su Hluhluwe-iMfolozi na Afirka ta Kudu, inda zakunan suka fito daga tsatso ƙalilan kuma auratayyar dangi ta raunana su. A can an riƙa gwada ɓakane ana kashe masu cutar. Akwai kuma asarar da ba a cika lura da ita ba: gandun da aka samu cutar a cikinsa yana shiga takunkumin fitar da dabbobi, don haka zakunansa ba sa samun zuwa wasu wuraren da ake bukatar sabon jini.