Rumbunan Bayanai na Haɗin Gwiwa ga Masu Tara Kayan Sha'awa: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne rumbun bayanai na haɗin gwiwa, kuma me ya raba shi da jerin kayan da mutum ke rubuta wa kansa?

Shafi ne na intanet mai ɗauke da babban kundi na wani nau'in kaya, kamar faya-fayan waƙa, sulalla, takardun kuɗi, kan sarki, littattafai ko kayan wasa, wanda masu amfani da shi ne suke shigar da bayanan da ke ciki, su gyara, su kuma duba aikin juna. Mai rubuta jerin kayansa a littafi dole ne ya rubuta komai tun daga tushe, kuma abin da ya rubuta ba ya amfanar kowa sai shi. A rumbun haɗin gwiwa kuwa, mutum ɗaya ne yake siffanta abu sau ɗaya, daga nan duk wanda ya mallaki irinsa a ko'ina a duniya sai ya nemo wannan bayani, ya danna, ya ce shi ma yana da shi.

Irin waɗannan shafuka sun fara ƙarfi ne a farkon wannan ƙarni. A shekarar 2000 Kevin Lewandowski ya buɗe Discogs a Amurka, da farko domin faya-fayan kiɗan lantarki kawai, kafin ya faɗaɗa ya haɗa kowane irin kiɗa. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe BoardGameGeek na wasannin da ake yi a kan allo ko da kati, da BrickLink na kayan wasan LEGO, wato ƙananan tubalan roba da ake harhaɗawa. Colnect ya soma da katunan wayar tarho a 2002, daga baya ya ƙara kan sarki da sulalla da sauransu. Tim Spalding ya kafa LibraryThing na littattafai a 2005, sannan aka buɗe Numista na sulalla a Faransa a 2007.

Mene ne abu na farko da ya kamata sabon shiga ya fahimta?

Shi ne bambancin da ke tsakanin bayanin da yake na kowa da bayanin da yake nasa shi kaɗai, kuma a ganina duk wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin. Kowane abin tarawa yana da matakai uku. Akwai aikin kansa, wato littafin da marubuci ya rubuta ko waƙoƙin da mawaƙi ya rera. Akwai bugu, wato fitowar wannan aiki daga wani kamfani, a wata ƙasa, a wata shekara, da irin bangonsa da lambarsa. Akwai kuma kwafin da ke hannun mutum, mai tabon ruwa a shafi na goma ko sa hannun wanda ya ba shi kyauta. Matakai biyu na farko na jama'a ne, na ukun ne kawai na mai kaya.

Shafukan an gina su ne a kan wannan rabo. Discogs yana ba kowane bugu shafinsa daban, sannan ya tattara dukkan bugunnan faifai ɗaya a ƙarƙashin babban shafi guda. LibraryThing yana haɗe bugunna da fassarorin littafi su zama aiki ɗaya, amma kowane mai littafi yana riƙe da bayanin kwafinsa yadda ya shigar. Numista yana siffanta nau'in sulai da ƙarfensa da nauyinsa da zanensa, a ƙarƙashinsa kuma ya jera shekarun da aka buga shi, mutum ya zaɓi shekarar da ke hannunsa, ya faɗi guda nawa yake da su da halin da suke ciki.

Ɓarnar da sababbin shiga suka fi yi ita ce cakuɗa waɗannan matakai. Wani zai ga faifansa ya yi kama da wanda ke shafi amma launin takardar tsakiyarsa ya bambanta, sai ya sauya bayanin da ke shafin domin ya dace da nasa. Da ya yi haka, ya gurɓata jerin duk mutanen da suka riga suka jingina kayansu ga wannan bayani, domin yanzu shafin yana siffanta abin da ba shi ne a hannunsu ba. Abin da ya dace shi ne ya bar bayanin yadda yake, ya buɗe sabo domin nasa bugun. Farashin da ya saya, da wurin da ya ajiye, da lahanin da ke jikin kayan, duk suna da gurbinsu a ɓangaren bayanan kansa, wanda ba ya taɓa na kowa.

Yaya zan tabbatar da cewa abin da ke hannuna shi ne ainihin wanda ke cikin kundin?

Hoto kaɗai ba ya isa, domin bugunna da dama suna da bango iri ɗaya. Kowane fanni yana da alamomin da masu shi ke dubawa.

A littattafai, lambar ISBN, wato lambar shaida ta duniya da ake ba kowane bugun littafi, ita ce hanya mafi sauƙi. Tana da alƙaluma 10 a da, ta koma 13 daga farkon 2007, amma littattafan da aka buga kafin wajen 1970 ba su da ita, don haka sai a koma ga sunan maɗaba'a, shekara da adadin shafuka. A faya-fayan garmaho, bayan lambar kamfani da ke bango, akwai wasu haruffa da lambobi da aka zana a filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, kuma sau da yawa su ne kaɗai ke raba bugun farko da wanda aka sake yi bayan shekaru. Ana ganinsu ne idan aka karkata faifan a gaban haske. A sulalla, ana duba shekara, nauyi, faɗi, yanayin gefe, da alamar gidan da aka buga su. Sulallan yuro na Jamus, alal misali, suna ɗauke da ɗaya daga haruffa biyar: A na Balin, D na Munik, F na Stuttgart, G na Karlsruhe, J na Hambog. Ƙaramin ma'auni mai nuna ɓangaren giram da gilashin ƙara girman abu suna warware yawancin shakku.

Kan sarki ya fi duka wahala. Biyu masu zane ɗaya za su iya bambanta a yawan haƙoran gefensu, waɗanda ake ƙirgawa a tsawon santimita 2, ko a alamar da ke ɓoye cikin takardar, ko a ɗan sauyin launi. Ga kuma batun lambobi: tsofaffin kundaye irin su Stanley Gibbons na Ingila, wanda ya fara fitowa a 1865, da Scott na Amurka, da Michel na Jamus, da Yvert et Tellier na Faransa, kowannensu yana ba kan sarki ɗaya lamba daban. Ɗaya daga manyan amfanin rumbun haɗin gwiwa shi ne yakan jera waɗannan lambobi wuri ɗaya, ta yadda masu amfani da kundaye daban za su san abu ɗaya suke magana a kai.

Idan na nema ban sami abin da nake da shi ba fa?

A nan ne mutum ke tashi daga mai cin gajiya ya zama mai ba da gudummawa. Kafin ya buɗe sabon bayani, ya sake nema da lamba, da wani salon rubuta sunan, da harshen asali, domin bayani biyu a kan abu ɗaya yana raba masu shi gida biyu, ya kuma jawo wa masu gyara aiki. Idan ya tabbata babu, sai ya shigar, kuma sharaɗin da Discogs ya gindaya ya cancanci a bi shi a ko'ina: kada a shigar da abu sai yana gaban mai shigarwa. A rubuta abin da ke jikin kayan yadda yake, a ɗauki hoton gaba da baya da hannu maimakon kwaso hoton wani daga intanet, a kuma bar gurbi fayau idan ba a san amsarsa ba. Gurbin da babu komai yana kiran wanda ya sani ya cike shi, amma shekarar da aka rubuta da ka takan zauna, wasu su kwafa, har ta ɗauki kamannin gaskiya.

Ina ganin wannan ɓangare ya fi kowanne daraja. Kundayen nan suna cike da kayan ƙasashen da masu amfani da su suka fi yawa, suna kuma da giɓi babba a kayan da ƙananan kamfanoni suka fitar: kaset ɗin da ba shi da lambar kamfani, ƙaramin littafin da bai taɓa shiga wani ɗakin karatu ba, alamar ƙarfe da wata ƙungiya ta raba sau ɗaya. Mai irin wannan kaya yana iya kasancewa shi ne mutum na farko da zai rubuta cewa abin ya taɓa wanzuwa, kuma mai bincike da zai zo bayan shekaru ashirin ba shi da wata madogara sai wannan rubutu.

Za a iya dogara da bayanan da kowa ke iya gyarawa?

Ana iya dogara da su gwargwadon idanun da suka bi ta kansu. Shafukan suna ajiye tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. A Discogs da MusicBrainz, wani rumbun bayanan waƙa, mambobi suna jefa ƙuri'a a kan gyare-gyare, a Numista kuma akwai masu tantancewa da ke duba abin da aka gabatar kafin ya shiga kundi. Bayanin sanannen abu yakan inganta saboda ɗaruruwan masu shi sun gwada shi da nasu, na abin da mutum biyu kawai suka mallaka kuwa sai a karanta shi da hattara.

Ƙimar kuɗin da shafi ke nunawa ita ce darajar kayana?

Ba lallai ba ne. Discogs yana nuna mafi ƙarancin farashi, matsakaici da mafi tsada daga cinikin da aka yi a kasuwarsa, wanda ya fi farashin da mai sayarwa ya yanka wa kansa ma'ana, domin kuɗin da aka nema daban, wanda aka biya daban. Amma adadin ya dogara ne a kan zaɓar bugun da ya dace, da kuma halin da kayan ke ciki. Masu tara sulalla suna auna kyan halin sulai da sikelin Sheldon, wanda aka ƙirƙiro a 1949, mai tashi daga 1 zuwa 70, kuma tazarar maki kaɗan a samansa tana iya ninka farashi. Mai kaya yakan ga nasa ya fi yadda yake kyau, don haka idan yana shakka tsakanin mataki biyu, ya zaɓi na ƙasa, musamman idan musaya ko sayarwa zai yi. Kada kuma ya goge tsohon sulai domin ya yi ƙyalli kafin ɗaukar hoto, domin gugar tana cire fatar ƙarfen ta asali, kuma masana suna rage darajar wanda aka goge nan take.

Ya kamata in bar jerin kayana a buɗe ga kowa?

Buɗewa tana da amfani na zahiri: masu sha'awa irin taka suna ganin abin da ka mallaka fiye da ɗaya da abin da kake nema, kuma da haka ake ƙulla musaya. Amma jerin kaya masu tsada da ke haɗe da cikakken suna da gari, sanarwa ce ga ɓarawo. Yawancin shafukan suna barin mutum ya rufe jerinsa gaba ɗaya ko ya buɗe wani sashe. Ya kyautu a yi amfani da laƙabi, a kashe alamar wuri da waya ke liƙa wa hoto, a tabbata hoton bai nuna cikin ɗaki ko ma'ajiya ba, kuma a fara musaya da ƙaramin abu da wanda wasu suka riga suka yi hulɗa da shi suka yaba.

Da tarin ya yi yawa, ta ina zan fara?

Da sashe ɗaya, kamar kanta ɗaya ko ƙasa ɗaya, a kammala shi kafin a wuce. Manhajojin waya da ke karanta lambar layuka ta bayan kaya suna hanzarta aiki a sababbin kaya, amma a duba abin da suka kawo, domin bugunna daban kan zo da lamba ɗaya.

Wa ke da bayanan, kuma me zai faru idan shafin ya rufe ko aka sayar da shi?

Wannan tambaya ce da ya kamata a yi tun kafin a shigar da abu na farko, domin ta taɓa faruwa. A shekarun 1990 akwai rumbun CDDB, inda mutane suka riƙa shigar da sunayen waƙoƙin faya-fayan CD kyauta. An sayar da shi a 1998, ya koma Gracenote a 2000, aka kuma ƙuntata sharuɗɗan amfani da bayanan da jama'a suka tara da hannunsu. Wannan ne ya sa Robert Kaye ya kafa MusicBrainz, wanda gidauniyar MetaBrainz mara neman riba take kula da shi, kuma ainihin bayanansa a sake suke ga kowa. Sauyin hannu bai tsaya a nan ba: Amazon ya sayi shafin littattafai na Goodreads a 2013, ya kuma rufe Shelfari, wani shafin littattafai mallakarsa, a 2016, kamfanin LEGO ya sayi BrickLink a 2019, Discogs kuma ya rufe shafukansa na littattafai da fina-finai a 2020. Sayarwa ba kullum take zama sharri ba, amma tana nuna cewa ƙa'idar yau ba ita ce tabbas ta gobe ba.

Saboda haka a duba abu biyu. Na farko, wane lasisi ke kan bayanan jama'a? Discogs, alal misali, yana fitar da kwafin kundinsa kowane wata a ƙarƙashin lasisin CC0, wanda ke ba kowa damar ɗauka ya gina wani abu a kai. Na biyu, shafin yana barin mutum ya sauke jerin kayansa? Da yawa suna bayar da shi a fayil na CSV, wanda kowace manhajar lissafi ke buɗewa. A riƙa sauke wannan fayil lokaci zuwa lokaci, musamman bayan an ƙara kaya da yawa, a buɗe shi a tabbatar bayanan kai da aka rubuta sun fito a ciki. Hotuna ba sa bin irin wannan fayil, don haka a ajiye na asali daban, a sa wa kowanne suna da lambar kayan, a kuma riƙe kwafi biyu a wurare biyu, domin su ne hujjar da kamfanin inshora ko 'yan sanda za su nema idan gobara ko sata ta auku.