Gyaran kwamfutar Commodore 64

Commodore 64 kwamfutar gida ce da kamfanin Commodore na Amurka ya fara sayarwa a watan Agustan 1982 a kan dala 595. An yi ta ƙera ta har zuwa 1994, shekarar da kamfanin ya durƙushe. Da yake an sayar da miliyoyinta, masu gyara sun daɗe da sanin wuraren da take yawan lalacewa.

Akwatin wuta

Ƙa'idar farko ita ce kada a jona ta da tsohon akwatin wutarta sai an gwada shi da mita. Akwatin yana fitar da wuta iri biyu: bolt 5 mai tafiya miƙe, da bolt 9 mai kai da komowa. Idan ɗan abin da ke daidaita bolt 5 ɗin ya gaji, sai wuta ta wuce kima ta ƙone cif-cif ɗin ƙwaƙwalwa, wato ƙananan sassan lantarki da ke riƙe bayanai a cikin kwamfutar. Galibin akwatunan nan an cike cikinsu da wani danƙo mai tauri, don haka ba sa buɗuwa balle a gyara su. Sauya su da sabo ya fi. Kwamfutar da aka ƙera don kasuwar Amurka kuwa, wutar bolt 120 take sha, ba a sa ta a soket mai bolt 230 kai tsaye.

Baƙin allo

Lafiyayyar na'ura tana buɗewa da shuɗin allo mai nuna cewa akwai bayit 38911 na ƙwaƙwalwa da ba a taɓa ba. Idan fitila ta kama amma allo ya tsaya baƙi ƙirin, wanda ake fara zargi shi ne cif ɗin PLA, mai raba aiki tsakanin sauran sassan. Yana ɗaukar zafi, kuma ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa. Bayansa sai ƙwaƙwalwar, wadda a tsofaffin samfura cif takwas ce jere.

Mai gyara kan kunna na'urar na ɗan lokaci, ya bi cif-cif ɗin da bayan yatsa. Na ƙwaƙwalwa da ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, ya ƙone. Akwai kuma kaset ɗin gwaji mai suna Dead Test da ake cusawa ta baya: allo zai riƙa walƙiya fari, yawan walƙiyar ne ke nuna cif ɗin da ake tuhuma. Cif ɗin sauti, SID, ana iya cire shi a kunna na'urar ba tare da shi ba, kuma wani sa'in shi ne ke hana ta tashi.

Sauran matsaloli

Madannai ko sandar wasa idan suka ƙi aiki, yawanci ɗaya daga cikin cif biyu na CIA ne, masu kula da shige da ficen bayanai. A samfuran baya-baya, rashin sauti kuma yakan zo daga fis ɗin da ke ciki.

Cire cif daga farantin da aka liƙe sassan a kai shi ne inda sabon hannu ke yin ɓarna, domin zafin ƙarfen dalma yana ɗaye siraran layukan tagulla. Ƙwararru kan yanke ƙafafun mataccen cif ɗaya bayan ɗaya, su zare su, sannan su liƙa soket, wato mazaunin da ake cusa sabon cif, a gurbin. Kamfanin MOS Technology da ya ƙera ainihin cif-cif ɗin ya daɗe da rufewa, shi ya sa ake amfani da sababbin kwaikwayo na PLA da SID, ko a ciro daga wata matacciyar na'ura.