Masu shirin tafiya aikin jinya Birtaniya, a zo a yi lissafi tukuna

'Yan'uwa ma'aikatan lafiya, musamman ƙannenmu da suka gama makarantar koyon jinya da ungozoma, da wuya a wuni a asibiti yanzu ba a yi zancen fita waje ba. Wannan tana karatun jarrabawar Turanci ta IELTS, wancan ya ci CBT, jarrabawar jinya ta kwamfuta, yana jiran a kira shi OSCE, jarrabawar gwada aiki a aikace. Ban ga laifin kowa ba, mun san albashin da muke karɓa da abin da kasuwa take yi mana. Damuwata ita ce hirar tana tsayawa a kan samun biza, alhali bizar da harajin da izinin zama na dindindin duk a ɗaure suke da juna. Abin da mutum ya yi a watan farko shi za a buɗe masa ranar da ya je neman zama.

Mu fara da dillalai, don a nan ake kwashe dukiyar mutane. Takardar ɗaukar nauyi da suke kira CoS ba hajar sayarwa ba ce. Lamba ce da mai ba da aiki yake fitarwa ta intanet, kuma shi doka ta ɗora wa kuɗinta. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa sunayen duk wuraren da ke da lasisin ɗauko ma'aikata daga waje, kowa na iya dubawa kyauta a wayarsa. Sannan tun daga 22 ga Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi da marasa ƙarfi daga ƙasashen waje. Kafin nan ma, tun 11 ga Maris na 2024 aka hana su tafiya da iyali. Saboda haka duk wanda ya ce ki sayar da fili ko sarƙar gwal ki kawo miliyoyi zai samo miki aikin kula da tsofaffi, ki riƙe kuɗinki. Nas mai rajista hanyarta daban ce, tana nan a buɗe ta NMC, hukumar rajistar nas da ungozoma ta Birtaniya.

Bizar a ɗaure take da wurin aikin da ya ɗauko ka. Idan aikin ya ƙare, ko aka soke lasisin wurin, yawanci kwana 60 ake bayarwa mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Kuma a wannan biza babu damar karɓar yawancin tallafin da gwamnati ke bai wa 'yan ƙasa. Wanda ya ci bashi ya tafi, ya riƙa tuna wannan.

Sai albashi. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki adadin da ke cikin takardar ɗaukar aiki a buga shi da farashin fam a kasuwar canji, gida ya ruɗe da murna. Ku zo mu gwada da fam 30,000 a shekara, a Ingila. Fam 12,570 na farko babu haraji a kai. Ragowar 17,430 ana cire kashi 20 cikin ɗari, wato 3,486. Inshorar ƙasa da ake cirewa daga albashi ta ɗauki kashi 8 na wannan ragowar, kusan 1,394. Abin da ya rage bai wuce fam 2,090 da ɗoriya a wata ba, kuma ba a cire fansho ba tukuna, ba a biya haya ba, ba a biya harajin ƙaramar hukuma da ake ɗora wa kowane gida ba, balle wuta da gas na ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Ku zaunar da iyaye ku nuna musu wannan lissafi kafin tafiya. Yawan buƙatun gida ne ke tura yaranmu aikin ɓoye.

Aikin ɓoyen nan shi nake so a ji tsoro. Doka ta yarda mai wannan biza ya ƙara wani aiki na awa 20 a mako bisa sharuɗɗa, muddin yana kan aikinsa na asali. Amma wanda ya wuce haka, ko ya karɓi kuɗi a hannu ba tare da hukumar haraji ta HMRC ta sani ba, ya bar giɓi a tarihinsa. Kamar katin rigakafin yaro ne, duk allurar da aka tsallake gurbinta na nan a fili ga mai dubawa. A 2018 an yi ta ce-ce-ku-ce a can kan ƙwararrun baƙi da aka hana izinin zama saboda kuɗin shigar da suka faɗa wa ma'aikatar cikin gida ya saɓa da wanda suka faɗa wa hukumar haraji, wasunsu ma bayan sun gyara takardun da kansu. Don Allah ku adana takardar albashi ta kowane wata, da P60, takardar jimillar albashi da harajin shekara, da ake bayarwa bayan shekarar haraji ta ƙare ranar 5 ga Afrilu. Ku duba lambar harajin da ke jikin takardar. Ga yawancin masu aiki guda ɗaya 1257L ce, in kun ga wata daban ku tambaya.

Mai gidan haya ko shago a Kano ko Zariya, shi ma akwai magana. Wanda ya yi kwana 183 a Birtaniya cikin shekarar haraji ya zama mazaunin can a idon HMRC, kuma a ƙa'ida kuɗin da yake samu a ko'ina ya shiga lissafi. Daga 6 ga Afrilun 2025 sabon zuwa na iya neman a ɗauke masa harajin kuɗin waje na shekara 4, sai dai mai neman hakan yana rasa rangwamen fam 12,570 ɗin nan. In hayar ba ta taka kara ta karya ba, asara ce. Akwai yarjejeniya tsakanin Najeriya da Birtaniya ta hana biyan haraji sau biyu, amma ba ta ɗauke wa kowa nauyin bayyana abin da ya samu ba. A nan a nemi akanta, kada a dogara da hirar zauren WhatsApp.

Izinin zama na dindindin, wato ILR, an saba nemansa bayan shekara 5. A Mayun 2025 gwamnati ta bayyana niyyar mayar da shi shekara 10 ga yawancin mutane, don haka a karanta ƙa'idar da ke aiki a shafin gwamnati ranar da za a yanke shawara. Cikin shekarun jira, kada a wuce kwana 180 a wajen ƙasar a kowane wata 12. Hutun gida, aikin Hajji, jinyar mahaifi, zaman makoki, duk a rubuta ranar fita da ranar komawa. Bayan an samu izinin ma, wanda ya dawo gida ya zauna fiye da shekara 2 a jere izininsa ya faɗi, sai ya sake neman biza ta komawa.